Dattijo Ɗan Shekara 19 da Ya Zauna a Ƙasan Benenmu

Ya mai girma Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka in ɗan yi gyara kan wata wasiƙa da kuka buga kwanakin baya, inda wani ɗan'uwa ya taɓo maganar samarin nan masu farar riga da laktaye da baƙin bajo a ƙirji, waɗanda ake gani bibbiyu a titunan manyan birane, wato 'yan mishan na Mormon. Ya ce ma'aikata ne, da dala ake biyansu, kuma duk mutumin da suka jawo akwai kamashon da ake ƙara musu. Ban ga laifinsa ba, ni ma haka na ɗauka shekara da shekaru. Sai da Allah ya haɗa ni gida ɗaya da su, ni da iyalina a sama, su a ƙasa, sannan gani ya kori ji.

Ni ma'aikacin jinya ne a Preston, wani gari a arewa maso yammacin Ingila. Musulmi ne ni, a kan Musulunci aka haife ni, a kansa nake fatan cikawa. Na faɗi wannan tun da wuri don kada wani ya ce tallar addinin wasu na zo yi a shafinka.

Ɗakunan ƙasan cocinsu ce ta kama haya, samari suna zuwa suna tafiya. Wanda ya fi tsaya mini a rai ya zo ne a watan Oktoba na 2018. Ba zan faɗi sunansa ba. Dogo muke ce masa ni da maiɗakina, don sai ya ɗan sunkuya yake shiga ƙofa. Ɗan wani ƙauye ne a jihar Utah ta Amurka, mahaifinsa manomi. Ranar da muka fara gaisawa a bakin matakala na karanta bajonsa, sai na ga kafin sunan gidansu an rubuta Elda, wato dattijo. Na dubi fuskar, ko gashi ɗaya babu a haɓa. Na ce, "Samari, shekararka nawa?" Ya ce 19. Na ce to lallai dattako ya yi arha a garinku. Ya yi dariya har da riƙe bango, sannan ya ce muƙami ne na addini, ba na shekaru ba. Tsawon shekara biyu ba wanda zai kira shi da sunansa na yanka, har wanda suke kwana ɗaki ɗaya. Ni kuma ya tambayi yadda ake kiran babba a wurinmu, na ce Malam ya isa. Har ya bar garin bai sake kirana da wani suna ba.

Bari in fara da maganar kuɗin, tunda ita ta sa na ɗauki alƙalami. Ba a biyan su ko sisi. Su ne ma suke biya. A lokacin, duk ɗan mishan da ya fito daga Amurka iyalinsa kan zuba dala 400 kowane wata a asusu guda, ko Landan aka tura shi ko wani ƙauye a Peru, daga nan ake biyan haya a kuma ba shi ɗan abin cefane. Dogo ya ce tun yana shekara 14 yake tara nasa, yana jan bututun ban ruwa a gonakin maƙwabta lokacin hutun makaranta, iyayensa suka cika sauran. Na yarda da shi, don na sha haɗuwa da su da yamma a kanti, a wurin da ake jibge burodin da aka karya wa farashi saboda ya kusa kwana. Takalminsa kuwa kafin ƙarshen hunturu ya huje, kwali yake yankawa ya shimfiɗa a ciki. Mai cin dala ba ya haka.

Ingilar ma ba shi ya zaɓa ba. Mutum zai cike takardu ne, likita ya duba shi, shugabannin cocinsu na unguwa su yi masa tambayoyi, sai a aika hedikwata a birnin Salt Lake. A can ɗaya daga cikin manyansu goma sha biyu, waɗanda suke kira manzanni, zai yanke inda za a tura shi. Dogo ya ce burinsa Kudancin Amurka, ya koyi sabon harshe, ya kuma je inda mutane ke karɓar saƙon da yawa. Ya buɗe takardar a gaban dangi da abokai, ya karanta da ƙarfi, sai ya ga yankin Manchester. Kowa ya yi shewa, shi kuma ya yi yaƙe. Maza wata 24 suke yi, mata wata 18. Da sai namiji ya kai 19 yake tafiya, a 2012 aka rage zuwa 18, saboda haka da yawansu daga sakandare sai jirgi. Akwai makarantar horon su a Chorley, 'yan mil kaɗan daga nan, kusa da haikalinsu da aka buɗe a 1998. Makonni kaɗan ya yi a can aka ce ya ƙware, ga titi nan.

Saboda katako ne tsakanina da su, rayuwarsu da kunne na fara saninta. Ƙarfe 6:30 na safe agogo zai buga, rani da damina, ba fashi. Sai tsalle-tsalle na rabin awa, wai motsa jiki, har kofuna na girgiza a samanmu. Daga nan sai gidan ya yi tsit, kowa ya duƙufa a kan littafinsa, sannan su haɗu su yi nazari tare. Wajen ƙarfe 10 za ka ji an ja ƙofa. Ba za su dawo ba sai wajen 9 na dare, 10:30 kuma fitila ta mutu. In ina dutin dare, ina shigowa da safe ina jan ƙafa, sai in hango su ta taga a zaune, laktaye a ɗaure, kamar masu jiran jarrabawa. Babu talabijin a ɗakin, ba sa karanta jarida, ba kallon ƙwallo, a ƙasar da ƙwallo ta kusa zama addini. Ba iyo, ba budurwa, mace iyakarta da su musafaha. Litinin kaɗai ce tasu, ita ma ba duka ba. A cikinta za su yi wanki da cefane da aski, su rubuta wa gida saƙo, da yamma su koma bakin aiki.

Amma dokar da ta fi ɗaure mini kai ita ce ta abokin tafiya. Dole ɗayansu ya kasance inda ɗayan zai gan shi ya kuma ji muryarsa, dare da rana, in ban da bayan gida. Ba kai ka zaɓe shi ba, kuma duk mako shida shugaban mishan na iya sauya ku. A wata bakwai Dogo ya yi abokai uku, ɗaya ɗan Filifin, ɗaya Bajamushe, ɗaya ɗan ƙasarsu. Zo mu zauna, zo mu saɓa. Wata safiya na ji shi da Bajamushen suna cacar baki a kan wanke-wanke, murya har waje. Ina jira in ji wani ya buga ƙofa ya fita ya sha iska, sai na tuna ba shi da wannan damar. Bayan minti goma sai ga su sun fito tare, kowa ya ɗaure fuska, za su je su gaya wa mutanen gari labarin salama. Daga baya ya gaya mini cewa kowane mako akwai zaman da suke yi, kowa ya faɗa wa ɗan'uwansa abin da yake yi mai kyau da abin da ke ƙona masa rai, su rufe da addu'a. Na ce wa maiɗakina ko mu gwada. Ta ce in fara samo ranar da zan iya jin nawa laifin har ƙarshe ban katse ta ba.

Ita ce ma ta fara jawo su ciki, don ba ta iya ganin yaro a jiƙe ta ƙyale. Ta haɗa musu shayi, suka yi godiya suka ce ba sa sha. Tun 1833 suke da ƙa'idar da ta hana su giya da taba, da abin sha mai zafi, wanda suka fassara da shayi da gahawa. Ka duba fa, Edita, an ɗauko yaron da ba ya shan shayi an jefa shi Ingila, ƙasar da ko rasuwa aka yi abin da za a fara yi shi ne ɗora buta a wuta. Ya ce duk gidan da aka yi musu mutunci aka buɗe ƙofa, abu na farko da zai fito daga bakinsu shi ne ƙin karɓar karamcin mai gida. Daga ranar koko mai madara take dafa musu.

Gidajen da ake buɗewar ba su da yawa. A watan Disamba rana kan faɗi a nan kafin ƙarfe 4, ga ruwa mai sanyi da ba ya tsayawa ba ya kuma zuba sosai. A cikin wannan duhun suke bin layi suna ƙwanƙwasa ƙofa, ko su tsaya a tsakiyar gari suna tare masu wucewa. Baturen Ingila ba ya son a yi masa zancen Allah a titi, kunya ma yake ji kamar ka tambaye shi albashinsa. Mai kirki ya ce a'a na gode, marar kirki ya yi zagi. Wata rana na tarar da su a matakala suna goge ƙwai daga kwat, wasu matasa ne suka jefe su daga cikin mota. Kuma kowane mako sai sun aika lissafi sama, mutum nawa suka koyar, nawa suka zo coci, nawa suka sa ranar baftisma, wato wankan shiga addininsu. A wata bakwai da ya yi a Preston, mutum ɗaya tak ya shiga addininsu ta hannunsa, wani tsoho da matarsa ta rasu.

Ni mutum ne mai son lissafi, sai na ce masa, "Elda, wata bakwai sau dala 400, dala 2,800 ke nan, a kan tsoho ɗaya. Wannan kasuwar ta ci uwar kuɗi." Bai ji haushi ba. Ya ce in ina da hutu ranar Litinin in raka su wani wuri. Muka gangara lambun Avenham, bakin kogin Ribble, inda na sha kai yarana wasa ban san komai game da shi ba. Ashe a nan ne, ranar 30 ga Yuli 1837, 'yan mishan ɗinsu na farko da suka ƙetaro teku, ƙarƙashin wani Heber C. Kimball, suka yi wa mutum tara baftisma, jama'a sun yi cincirindo suna kallo. Shekara bakwai kacal ke nan da kafa cocin a jihar New York. Reshensu na Preston shi ne mafi daɗewa da bai taɓa yankewa ba a duk duniya, ya girmi na Utah ma, don sai 1847 shugabansu na biyu, Brigham Young, ya kai su can bayan an kashe wanda ya kafa cocin, Joseph Smith, a 1844. Dubban ma'aikatan masaƙu da talakawan Birtaniya ne suka karɓa suka hau jirgin ruwa, cikinsu har da kakannin Dogo. Wato jikan waɗanda suka tafi ne ya dawo yana ƙwanƙwasa ƙofar jikokin waɗanda suka zauna.

A nan bakin ruwan ya ba ni labarin da na lura duk 'yan mishan ɗin yankin sun haddace. A 1933 an turo wani saurayi Preston mai suna Gordon B. Hinckley. Ya sha wuya, ba mai sauraronsa, ya rubuta wa mahaifinsa cewa ɓata lokacinsa yake da kuɗin gida. Amsar da ta zo gajeriya ce, cewa ya manta da kansa ya kama aiki. Wannan saurayin ne ya zama shugaban cocin baki ɗaya, shi ne kuma ya dawo ya buɗe haikalin Chorley. Ina sauraro sai na gane kuskuren lissafina. Tsohon nan ba shi ne ribar ba. Ribar ita ce Dogo kansa. Yaron da ya shekara biyu yana kare abu ɗaya a gaban masu zagi, ya sha ruwa da sanyi a kansa, ya biya da guminsa, da wuya ya sake shi daga baya. Ko sun tsara haka ko ba su tsara ba, mutum na farko da mishan ke tubarwa shi ne ɗan mishan ɗin.

Ta fuskar aƙida kuwa, ba mu taɓa haɗuwa ba, kuma ba mu yi wa juna ƙarya ba. Ya yi imani cewa Joseph Smith yana ɗan shekara 14 ya ga Uba da Ɗa ido da ido, cewa mala'ika ya nuna masa wasu allunan zinariya da ya fassara suka zama Littafin Mormon a 1830, cewa Allah yana da jiki, kuma har yau akwai annabi a raye. Na lokacin shi ne Russell M. Nelson, tsohon likitan tiyatar zuciya, yana da shekara 94. Na ce masa a wurinmu an rufe ƙofar annabta, kuma babu abin da ya yi kama da Allah. Ya ce ya ji, amma shi a wurinsa sama ba ta rufe ba. Iyakar nan muka tsaya. Bai taɓa matsa mini ba, ya ma nuna mini wata sanarwa da shugabanninsu suka fitar a Fabrairun 1978, wadda ta ambaci Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cikin manyan da suka ce sun sami rabo daga hasken Allah. Abin da ya fi yi masa ciwo ba musuna ba ne. Kiristocin da ke ce masa shi ba Kirista ba ne, saboda 'yan cocinsa ba su yarda da Triniti, wato aƙidar Allah ɗaya cikin uku, yadda sauran coci-coci suka yarda ba, alhali sunan Yesu ne rubutu mafi girma a bajonsa. Sunan Mormon ɗin ma tun 2018 shugabansu ya ce a daina, a riƙa kiran cocin da cikakken sunanta, Ikilisiyar Yesu Almasihu ta Tsarkakan Kwanakin Ƙarshe. Na yi amfani da tsohon ne don shi masu karatu suka sani.

Na yi masa tambayoyi biyu da na san za su yi zafi. Ta auren mata da yawa ba ta dame shi ba, ya ce an daina tun 1890, amma kakan kakansa mata uku ya ajiye. Na ce ikon Allah, ni da aka halatta mini huɗu ina fama da ɗaya. Ta biyun ce ta sa fuskarsa ta yi ja har kunne. Na ce, "Da a 1977 ka ƙwanƙwasa ƙofata na bi ka, da ba za a ba ni wannan muƙamin da ke ƙirjinka ba, saboda launin fatata." Haka ne, sai a watan Yuni 1978 aka ɗage wannan hani ga baƙar fata. Ya yi shiru, sannan ya ce a 2013 cocin ta fito ta nesanta kanta daga dalilan da aka riƙa bayarwa a da, amma shi dai ba shi da amsar da ta gamsar da shi kansa. Da ya kawo mini wata haddaddiyar amsa, da na raina shi.

Suna da wata al'ada ta magana, ba sa cewa "na yi imani", sai "na sani". Na sani littafin nan gaskiya ne, na sani annabin nan na Allah ne. Da farko abin yana ba ni haushi daga bakin yaron da bai san komai na duniya ba. Sai a watan Janairu na ji ɗaya gefen. A lokacin sau biyu kawai a shekara ake barin su su kira gida, ranar Kirsimeti da ranar iyaye mata. Ya yi kiran Kirsimetinsa, ya ga kakarsa a kwance. Bayan mako uku shugaban mishan ya bugo ya ce ta rasu. Bai je jana'iza ba, washegari ma ya fita aiki. Da dare na sauka na yi masa ta'aziyya, abokinsa na zaune a gefe kamar kullum. Ya ce, "Malam, akwai makonnin da nake durƙusawa in yi addu'a, ba na jin komai, kamar da rufin ɗaki nake magana. Da safe kuma in fita in ce wa mutane na sani." Na tambaye shi me ya hana shi komawa gida. Ya ce ya zo ne don a garinsu kowa yana zuwa, mahaifinsa ya je, yayyensa sun je, amma abin da ya kawo shi daban, abin da ya zaunar da shi daban, kuma na biyun bai iya faɗarsa da baki ba tukuna. A tsakiyar Fabrairu sai aka sauya dokar, aka ce kowane mako suna iya kiran gida. Litinin ta farko na ji muryar mahaifiyarsa ta cikin katako, tana magana tana kuka.

Ba zan ce kowa yana fita lafiya ba. Ɗaya daga cikin abokan tafiyarsa, ɗan shekara 18, na lura yana ramewa, idanunsa sun faɗa, hannunsa na rawa in ya riƙe kofi. Aikina ne, na san alamun. Na ce lallai su gaya wa manyansu ya ga likita, suka yi, aka mayar da shi gida bayan wata takwas da fitowarsa. Daren da zai tafi ba ciwon ne ke damunsa ba, filin jirgi yake tsoro, da idon mutanen unguwa da za su ƙirga watanni su ga ba su cika 24 ba. A ganina kayan sun yi wa wasu yaran nauyi, kuma inda duk gari ke jiran ka tafi, kalmar ganin dama tana da iyaka.

Azumi ya kama a farkon Mayu 2019, muna yin kusan awa 18. Su ma suna da nasu, Lahadin farko ta kowane wata, ba ci ba sha har abinci biyu su wuce, kuɗin abincin kuma su ba da shi don mabuƙata, ban da ushirin da suke fitarwa daga duk abin da suka samu. Dogo ya ce yana so ya gwada namu na yini ɗaya. Ya yi, yana tafe a ƙasa tun safe, ya hau sama da magariba leɓe a bushe, ya karɓi dabino da hannu biyu. A wannan makon aka bugo musu waya cewa an sauya masa gari. Kwana biyu aka ba shi. Duk abin da ya mallaka akwati biyu ya cinye. Ya ba ni littafinsu, na karɓa don girmama shi, yana nan a saman kabad. Na ba shi fassarar Alƙur'ani, ya ce dokar aiki ba ta bar shi ya karanta ba sai ya gama, amma zai ajiye. Washegari 6:30 agogo ya buga a ƙasa kamar ba abin da ya faru, wani sabon yaro ne a gadonsa.

Muna gaisawa jefi-jefi har yanzu. Bara ya aiko mini da hoto, ya yi aure, yana riƙe da jaririya, ba bajo ba laktaye. Maiɗakina ta daɗe tana kallo kafin ta gane shi, don yanzu da ya ajiye sunan dattijo ne gemun ya fito.

Na gode da ba ni fili.

Naka,
Wani ma'aikacin jinya,
Preston, Ingila.